Shin Masu Bin Diddigi Raina Masu Imani Suke Yi?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: su wane ne masu bin diddigin abubuwan al'ajabi a Amurka, kuma shin aikinsu raina masu imani ne?

To Malam, mun gode. A shekarar 1976 ne masanin falsafa Paul Kurtz ya jagoranci kafa ƙungiyar CSICOP, tare da mutane irin su masanin taurari Carl Sagan da ɗan dabo James Randi. Aikinsu shi ne gwada iƙirarin masu duba da masu warkarwa ta ban mamaki.

A 1986 Randi ya tona asirin Peter Popoff, mai wa'azin da ke kiran sunayen marasa lafiya da cututtukansu tamkar wahayi. Ashe matarsa ce ke raɗa masa ta wata 'yar na'ura da ya maƙala a kunne. Ka ga, mayaudarin aka kunyata. Marasa lafiyar da suka zo neman sauƙi abin tausayi ne.

Gaskiya ne wasu masu bin diddigin kan faɗa girman kai. Sagan ma ya ja musu kunne a littafinsa na 1995, cewa wulaƙanci ba ya isar da saƙo.

Haka kuma mai bin diddigi na ƙwarai ba ya haɗiye maganar jagoransa ba bincike. Don haka Malam, ka nemi hujja daga kowa, ka kuma kiyaye mutuncin wanda kuka saɓa.