Amsar Tambaya: Zancen Addini Tsakanin Ɗalibai

Tambaya: Yaya ɗalibin sakandare Kirista zai yi wa abokan karatunsa zancen bangaskiyarsa ba tare da an samu saɓani ba?

Amsa: Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da yaɗa shi, ya kuma hana tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba. Ke nan hira ba laifi ba ce, takurawa ce doka ta hana.

Wa'azi da nazarin Littafi Mai Tsarki wurinsu taron ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957. Lokacin darasi kuwa na darasi ne. Idan abokin zama ya tambayi ma'anar Ista a lokacin tara, sai a amsa masa a taƙaice, a kuma saurari nasa bayanin. A guji aibata annabi ko littafin wani, a baki ko a zauren WhatsApp na aji, domin irin wannan kan jawo tashin hankali. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi, zumunci ya ci gaba. In gardama ta yi zafi, a kai maganar gaban malamin aji.