Kafin ka sayi moto don adon hasken leza

Kusan duk masu haɗa fitilar leza ta ado matsala ɗaya suke kawo mini shago. Sun ciro moto daga motar wasan yara, sun rage masa wuta don ya yi tafiyar hawainiya, shi kuwa ya ƙi: ko ya tsaya cik, ko ya fizga da gudu. Lafiyarsa ƙalau. An ƙera shi ne ya yi dubban zagaye a minti, kuma da ka rage wuta, ƙarfinsa ne ke fara guduwa.

Adon da ake kira lumiya, wanda ake haska leza ta cikin gilashi mai gargada irin na tagar banɗaki sai gajimare ya riƙa birgima a bango, zagaye ɗaya a minti yake so, ko ma ƙasa da haka. Giya ce ke ba da wannan sanyin tafiya ba tare da ƙarfi ya ragu ba.

Wanda na fi ba da shawara shi ne moton da ke juya faranti a maikirowef. A wajen 'yan gwangwan ba ya tsada. Za ka ga an rubuta 5/6 a jikinsa, wato zagaye 5 a wutarmu mai haz 50, zagaye 6 a ta Amurka. Ba ya ƙara, ba ya rawa. Halinsa ɗaya, yau ya tashi ta dama, gobe ta hagu, kuma gajimare bai damu ba. Idan 5 ya yi maka sauri, sa masa ƙaramar taya ta roba mai faɗin santimita 1 ta riƙa gogar bakin faifai mai santimita 10, ka samu rabin zagaye. Amma karanta rubutun jikinsa, don wasu na bolt 220 ne, wasu na 21 ko 30. Kuma kada ka buɗe maikirowef da kanka in ba aikinka ba ne, domin kafasitar cikinsa na iya riƙe wutar da ke kisa bayan an zare filogi.

Matasa sun fi son moton 28BYJ-48 mai bolt 5, saboda da Arduino da ɗan allon ULN2003 za ka zaɓi saurin da kake so. Sai dai taku-taku yake tafiya, kusan 2048 a zagaye. A hannu ba ka ji, a bango kuwa asiri ya tonu: idan madubi ka ɗora masa, taku ɗaya na iya tsallakar da ɗigon haske santimita 6 a nisan mita 10. Injin agogon bango ma yana yi, in mai hannun daƙiƙa mai sulɓi ne, amma fallen roba kawai zai iya ɗauka.

Duk wanda ka zaɓa, leza kada ta wuce miliwat 5, kuma kada ka gaskata takardar da ke jikin masu arha, musamman kore. Wasunsu na fitar da hasken infared da ido ba ya gani. Gilashi na iya zamewa, hasken ya fita a dunƙule. Saboda haka ɗaure lezar da ƙusa mai zare, ba da salatif ba, ka saita ta sama da kan mutum mafi tsawo a ɗakin, sannan makunninta ya kasance inda hannunka zai kai.