Darasi na Tara: Wurin Karatu a Gida

Ba sai ɗalibi ya mallaki ɗaki na kansa ba kafin ya yi karatu a gida. Kusurwa ɗaya ta isa, muddin an tsara ta da kyau.

A Yolde Pate, kamar sauran unguwannin Yola da Jimeta, zafi yakan tsananta a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da ɗalibai ke shirin jarrabawar WAEC. Saboda haka, ka ajiye teburinka kusa da taga domin ka sami iska. Idan da hannun dama kake rubutu, haske ya zo maka ta hagu, don kada inuwar hannunka ta rufe takarda. Ka tanadi fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. Da hunturu kuwa, ka adana littattafanka cikin akwati, gudun ƙura.

Ka nisanci talabijin, ka kashe waya, sannan ka roƙi ƙannenka su ba ka awa biyu bayan abincin dare. Karatun awa biyu cikin natsuwa ya fi na yini guda cikin hayaniya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ajiye tebur kusa da taga?
2. Bayyana wurin karatunka cikin jimloli uku.