Sojan Kiwon Lafiya a Inda Babu Likita

A wannan fitowa ina so mu yi nazari a kan wani ma'aikaci da ba a cika jin labarinsa ba, wato sojan kiwon lafiya mai bin runduna daji. A asibitin Hedikwatar Tsaro da ke Barikin Mogadishu a nan Abuja, in abu ya shige masa duhu sai ya ƙwanƙwasa ƙofar likita. Amma in aka tura shi wani sansani a Borno, shi ne likita, shi ne nas. Jarinsa ke nan abin da ya koya a makaranta, kuma jarin nan tsufa yake yi.

Ɗauki zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Da, kwinin ake ba wa majiyyaci. A 2010 wani bincike a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna allurar atesunet ta fi ceton rai, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta gaba. Wanda bai koma aji ba, ina zai ji?

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗamarar da ake ɗaure hannu ko ƙafa da ita don tsayar da jini. An daɗe ana koyar da cewa kada a yi amfani da ita sai dabara ta ƙare. Yaƙin Iraƙi da na Afganistan suka sauya wannan, domin sojojin Amurka sun ga tana ceton rayuka. Sai dai su jirgi mai saukar ungulu ne ke kwashe musu masu rauni nan da nan. A Yukiren kuwa, daga 2022, mai rauni kan shafe sa'o'i kafin ya ga likita, aka yi ta yanke gaɓoɓin da ɗamara ta daɗe a kansu. Shi ya sa yanzu ake jaddada cewa a sake duba ta kafin awa 2, in zai yiwu a musanya ta da bandeji. A ganina darasin Yukiren ya fi kusa da mu, idan aka dubi nisan dajin Sambisa da Barikin Maimalari.

Hukumar likitoci ta ƙasa, mai hedikwata a Abuja, ba ta sabunta lasisin likita sai da shaidar ƙarin ilimi, haka ma ta ma'aikatan jinya. To amma bitar da ake yi a ɗakin taro a birni ba ta isa ga wanda ke ramin tsaro. Kamata ya yi malamin ya bi shi can, a gwada da hannu.

A haɗa masa kuma da darasin harshe, tunda mutanen ƙauye ma wurinsa suke zuwa. Ni da na koyi Hausa da girmana na san tarkon da ke ciki. Majiyyaci zai ce zuciyarsa na tashi, baƙon Hausa ya shiga neman ciwon zuciya, alhali amai ne ke taso wa mutumin.