Kafin ka tura hoto daga Zangon Kwatano

Mai atamfa a kasuwar Dantokpa, da dillalin mota, da tela a Gbégamey, dukkansu da hoto suke ciniki yanzu. Kaya suna Kwatano, mai saye yana Maraɗi ko Kantin Kwari, WhatsApp ne ɗan aike. To ga ƙa'idoji, kuma babu sassauci a cikinsu.

Kada ka tura hoton kaya a matsayin fayil. Hoto ɗaya na wayar Tecno ko Infinix yakan kai MB 3 zuwa 5. In ka tura shi ta hanyar hoto, WhatsApp da kansa zai matse shi ya koma ƙasa da rabin MB, kuma zanen atamfar zai fito sarai. Turmi 20 a fayil kuwa, wajen MB 80 ke nan ka zuƙe a datarka ta MTN, Moov ko Celtiis, ka kuma zuƙe wa Hajiyar da ke can Maraɗi irinsu. Ba ta ma ce za ta saya ba tukuna.

Ka yanke gefen hoto kafin ya tafi. Turmi guda kake tallatawa, me ya kawo bokitin wanka, da ƙafar yaron shago, da ɗan zemijan, wato ɗan acaba, mai rigar rawaya da ya gifta a baya? Matsa kusa, ka ɗauka da rana a inuwa. Hoton da aka ɗauka cikin duhun shago yakan fito da ɗige-ɗige, in aka matse shi sai launi ya dagule, gobe a kira ka a ce ba wannan shuɗin aka gani ba.

Maɓallin HD da aka ƙara a watan Agustan 2023 ba na kullum ba ne. Ka taɓa shi in saƙar shadda ake son gani, ko ƙarcen da ke jikin mota.

Takardu kuma hukuncinsu daban, a nan ne rowar data take jawo asara. Rasit, takardar kwastan, katin shaida, lambar shasi: waɗannan a fayil za ka tura su, ko MB nawa za su ci. Matsewa tana cinye ƙananan rubutu, har 3 ta yi kama da 8, kuma lamba ɗaya in ta kauce mota tana iya kwana a hannun jami'ai. Amma ka sani, fayil yana tafiya da bayanan da kyamara ta ɗora masa, har da wurin da aka ɗauki hoton in alamar wuri tana kunne. Kashe ta a kyamara, in ba so kake baƙo ya san ƙofar gidanka ba.

Kada ka ɗauki hoton allo na hoton da aka turo maka. Kibiyar turawa gaba tana nan, kuma ba ta ƙara lalata shi.

Kada ka saka kowace manhaja da ta ce tana rage nauyin hoto. In ta nemi izinin karanta saƙonninka da lambobin mutanenka, goge ta nan take. Wayar da ake karɓar kuɗin MoMo da ita ba wurin gwaji ba ce.

Wanda kuke zaune a benci ɗaya bayan sallar La'asar, ka ba shi hoton ta Xender ko Bluetooth.

Ka kashe saukar hoto da kansa a saitin WhatsApp, ka bar abin da ka zaɓa kawai ya sauka. Masu zuba hoton barka da Juma'a goma-goma a zaure kuwa, ku ji tsoron Allah. A 2018 gwamnatin Benin ta ɗora harajin sefa 5 kan kowane MB na shafukan sada zumunta, mutane suka yi ca har aka janye shi a watan Satumba. Abin da ba a yarda gwamnati ta yi ba, kai ma ba za a yarda maka ba. In mai kula da zaure ya cire ka, kada ka kai ƙara wurin Sarkin Zango.