In Za Ka Kazaure, Kada Ka Yi Gaggawa a Hanya

Mai son ya huta da hayaniyar Kano na yini guda, ya kama hanyar Daura. Ta Dambatta za ka bi ka faɗa Kazaure, garin da duwatsu suka kewaye. Tun 1991 yana Jihar Jigawa, amma tushen sarautarsa na Dambatta, inda Ɗan Tunku, wanda ya kafa sarautar, ya zauna.

Shawarata ka je da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Lokacin an girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai, ana cirar gyaɗa, gona na manne da gona har ba ka ganin fili. Dubi gawo a tsakiyar gonaki: da damina tsirara yake, sai yanzu yake fitar da ganye, shi ya sa manomi ba ya sare shi.

In Lahadi ce, tsaya kasuwar Dambatta ka leƙa kara, ko da ba sayen dabba za ka yi ba. Riƙe tsabar kuɗi, mai fura ba ruwanta da taransifa.

A Kazaure kuwa, da sassafe ake hawan dutse, da takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba. Nemi yaron gari ya yi maka jagora, ka sallame shi da kyau. Kada ka ratsa gonar mutum, bi burtali. In ƙauye ka shiga, fara gaida mai unguwa, kuma kada ka ɗaga waya kan matan aure da sunan hoto.

Kama hanyar gida kafin magariba, tuƙin dare ba daɗi.