Amsar Tambaya: Kawuna Yana da Bindiga, In Tura 'Yan Sanda?

Tambaya: Kawuna tsoho ne, shi kaɗai yake zaune a Texas, kuma yana da bindiga. Kwana biyu bai ɗaga waya ba. In tura 'yan sanda su dubo shi?

Amsa: 'Yar'uwa, fara tura wanda kawu ya san muryarsa, kuma da rana. Tsohon da aka ɓalle wa ƙofa cikin dare ɓarawo zai zata, jami'in da ya hango bindiga kuwa ba ya jira. A Fort Worth, a 2019, wani maƙwabci ya kira 'yan sanda saboda ya ga ƙofar wani gida a buɗe. Matar gidan ta ji motsi a waje, ta ɗauko bindigarta, ɗan sanda ya harbe ta ta taga, ta rasu. In kiran ya zama dole, ki faɗa musu akwai bindiga, ki roƙi su sanar da kansu kafin su shiga.